Masuncin da Ya Zama Hayaƙi a Hoto

Saleh masunci ne a Gashuwa, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Ya ba wa hamsin baya, kuma tun yana ɗan shekara tara yake tura kwalekwale a kogin garin. Ba shi da yawan magana. An fi saninsa da iya ɗinkin komar kamun kifi, har daga Jakusko ake kawo masa gyara.

Wata rana bayan damina, gab da magariba, wata budurwa 'yar Nguru mai suna Nuraini ta zo bakin ruwa da kyamara. Ta kafa ta a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, ta gaishe shi, ta nemi izinin ɗaukarsa yana aikinsa. Ya ce ta ɗauka. Ya dai lura sau ɗaya ta danna, ta koma gefe ta harɗe hannu kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

Bayan kwana huɗu ta aiko masa da hoton ta hannun wani direba. Ya buɗe ambulan ya duba. Ga bishiyoyin ƙetare tsaf, ga turken da yake ɗaure jirginsa, ruwan ya kwanta fari fat kamar nono. Amma inda ya kamata a gan shi sai wani hayaƙi mai siffar mutum, har ana hango ciyawar bayansa ta cikin ƙirjinsa.

Saleh ba mai camfi ba ne. Sai dai akwai abin da ya ɓoye wa kowa: wata biyu ke nan ƙafafunsa na kumbura. Haka amininsa Abbagana ya fara, shekara ba ta zagayo ba ciwon ƙoda ya tafi da shi. Sai ya ga kamar hoton na nuna shi ma ya kama hanya.

Ya tura hoton ƙarƙashin katifa. Kwana shida bai je kogi ba. Matarsa Asibi ta tambaye shi, ya ce zazzaɓi ne. Da ta fita sai ya zaro hoton ya duba ko ya ƙara dushewa, sannan ya danna ɗan yatsa a ƙaurinsa, ya zuba ido yana jiran ramin da yatsan ya bari ya ciko. Tuwo ma ya daina cin na kirki.

Rana ta bakwai ya shiga mota zuwa Nguru. Da tambaya ya gano shagon hoton da Nuraini take aiki. Ya ajiye hoton a gabanta.

"'Yata, me na'urarki ta gani a jikina?"

Ta ba shi kujera. Ta yi masa bayani cewa ta bar idon kyamarar a buɗe ne tsawon rabin minti, don haka duk abin da yake tsaye zai fito sarai, abin da ke motsi kuwa sai ya shafe. Shi a lokacin tuƙi yake. Ta fito da kyamarar bakin titi ta gwada masa: wata keke napep da ta gifta ta koma zane rawaya, turken lantarki kuwa ya fito daram.

Ya gane, ya gyaɗa kai. Da suka koma cikin shagon sai ya ɗage ƙafar wandonsa, kumburin ya bayyana. Ita ce mutum ta farko da ya nuna wa.

"Baba, wannan ba aikin kyamara ba ne," in ji ta. "Tashi mu je asibiti."

Aka ɗebi jini da fitsari. Ya zauna a benci yana ta salati. Likita ya ce hawan jini ne, ya fara taɓa ƙoda, amma Saleh ya zo da sauran lokaci. Ya rubuta masa magani, ya hana shi yawan gishiri da ƙwayoyin ciwon jiki da yake saya a hannun masu talla.

Da ya koma gida ya faɗa wa Asibi komai. Ta ce ai ta fi wata tana ganin ƙafafun, tsoro ne ya hana ta magana.

Yanzu da safe kawai yake fita kogi. Duk ƙarshen wata yakan koma Nguru a sake auna shi, Asibi na gefensa a mota. Har yau, idan gobe ce ranar tafiya, loma biyu yake yi ya tsame hannu don fargabar abin da awon zai nuna.