Tsohuwar da ke Wanki a Gindin Shallal

Jama'a, wallahi tallahi a kaina wannan ya faru, ba ji na yi ba. A alif ɗari tara da sittin da wani abu ne, ina tuƙi a wani kamfanin dakon kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda, sai maigidana, wani Balarabe, ya ce in kai shi da baƙinsa Turawa duwatsun wajen Ɗa'ifa su ga shallal, wato ruwan nan da ke zubowa daga ƙololuwar dutse.

Muka ajiye mota muka kama wata siririyar hanya mai matakala, ni a baya da kwandon abinci a ka. Wani Bature ya tambayi wa ya sassaƙa matakalar, maigida ya ce kakanninsa, wai ban da su ba wanda ya taɓa zama a nan.

Da azahar suna ta ɗaukar hoto, na zagaya gindin ruwan in yi alwala, sai ga wata tsohuwa baƙa da zane ɗaurin ƙirji tana wanki. Ta ɗago ta ce, "Sannu da hawa, ɗan nan." Da Hausa fa! Na ce, "Iya, me ya kawo ki nan?"

Ta ce, "Hajji, da ƙafa. Guzuri ya ƙare muka zauna, muka fasa dutse muka yi hanya, muka dasa rumman. Da gona ta yi kyau sai aka zo mana da igiya, aka mai da mu bayi." Ta miƙo hannuwanta, na rantse da Allah sawun ɗauri ne, ɗanye, yana jini. Ta ce, "Yanzu me masu wurin suke cewa a kanmu?"

Na ce, "Cewa suke ba a yi ku ba."

Ta yi wata dariya, ƙarar ruwan ta ɗauke ɗif. Maigida ya ƙwala mini kira, "Yalla, mu tafi!" Ina waiwayowa ba ta, dutsen wankin a bushe ƙamas.

A hanya na faɗa masa. Fuskarsa ta canja, ya ce, "Halas, zance ya ƙare, kada in sake ji." Kafin Juma'a ya sallame ni. Mahaifiyata a unguwar Sharafiyya ta Jidda kuwa, da na ba ta labari, kuka ta fashe da shi, ta ce gwaggonta ma duwatsun nan aka hau da ita, shi ke nan ba a sake ganinta ba.

Ban san me na gani ba. Amma in ka je can, ka yi sallama, ka gaida mutanen wurin da Hausa, kuma kada ka gudu in an amsa.