Neman tsinken gwajin sugan Baba

Ana sallame asuba muka bar Bungudu, ni da mijin yayata, na'urar gwajin sugan Baba na cikin jakata. Tsinkenta ne ya ƙare, ɗan fallen nan da ake ɗiga wa jini a zura a na'ura. Likita kuwa ya ja mana kunne, kada a ƙara wa Baba allura ko a rage sai an ga awo. Ga gyambon ƙafarsa ya fara ruwa.

Mun tattake Sabon Garin Gusau kemis bayan kemis, kowa ya jujjuya na'urar ya miƙo mini. Tsinke akwai, amma ba irin namu ba, ashe kowace na'ura da nata, kamar kwaɗo da makulli. Mijin yayata dai bai fasa zama gaban mai waina ba, wai ciki bai san jinya ba. Wani dattijo mai kemis ya ce mu gwada Tsafe.

Muka hau mota muka wuce duwatsun Kwatarkwashi, kowa idonsa na kan daji. A Tsafe muka dace, gwangwanin tsinken ɗaya ya rage. Tsada kam ba a magana, amma na biya har da godiya. Da za mu dawo, gudun kada a matse shi a cunkoso, na roƙi direba ya ajiye mini shi a gaba, gindin gilashi. Ni a ganina gata na yi masa.

Ba mu yi nisa ba aka tsayar da motoci, wai gaba ba lafiya. Muka fake a inuwa, muka bar mota a rana har la'asar. Da na ɗauko gwangwanin, wallahi kamar daga murhu aka sauke shi.

Hankalina bai kwanta ba, da muka iso Gusau na kai wa wani mai ɗakin gwaji. Ya gwada jininsa da tsinke biyu, kowanne da abin da ya faɗa.

"Hajiya, wanga ya mutu," in ji shi. "Akwai sinadari a bakinai mai cin sugan jini, zafi na kashe shi."

Ya ce ya taɓa karanta labarin wata na'ura mai auna ɗan ɗumin da sinadarin ke fitarwa in ya ci suga, amma bai taɓa ganinta da ido ba. Na mayar da gwangwanin jaka na fito.

Gab da magariba muka shiga gida. Tafiyar nan ta koya mini cewa a wajenmu ko ka samo magani, sai ya tsallake hanya kafin ya zama naka. Na tarar da Inna tsugune a bayan ɗaki, ta zuba fitsarin Baba a kasko tana jira ta ga ko kiyashi zai taru, alamar suga ya hau.

"An samo?" in ji ta.

Na ajiye jakar na tsuguna kusa da ita, muka zuba wa kaskon ido.