Shekarar da shamuwa ba ta sauka ba

Mahaifina bai taɓa shuka don an yi ruwa kawai ba. Ruwan fari a Gure maƙaryaci ne, in ji shi, sai ya jiƙa ƙasa ya sa ka zuba iri, sannan ya ɓace wata guda. Abin da yake jira shi ne shamuwa ta sauka a kan wasu gawo uku da ke hanyar gonarmu, ta fara jan kara tana sheƙa. In ta zauna, ruwan da ya biyo baya na shuka ne. Ƙannena ke noman tun da idonsa ya yi rauni, amma irin gero yana ɗakinsa, ba mai taɓawa sai ya ce.

Sai aka yanka wajen itatuwan nan aka yi sabon kartiye, wato sabuwar unguwa. Kai, ban taɓa ganin ƙazamin wuri irinsa ba! Kowa ya zagaye parsel ɗinsa, filin da aka yanka masa, da katanga ya tafi abinsa, yawanci ma'aikata ne da aka yi wa canjin gari. Kangayen suka zama makewayin masu wucewa, in iska ta kaɗo sai ka toshe hanci. An tumɓuke kalimbon da ke riƙe rairayi, leda ta maye gurbinsa, awaki na ci suna kumbura. Ramukan da aka haƙa don tubali kuwa, na sha leƙawa in ga bushiya ta faɗa ta ruɓe, ƙudaje sun rufe ta. Wai wannan ne ci gaba. Tir!

Ina ta zagi, ko? To ni ma ina ciki. Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, na samu parsel, kuma gawo na uku a tsakiyarsa yake. Maƙwabta sun riga sun sare nasu biyun. Maginina ya ce, "Madam, saiwarsa za ta fasa miki gini, ga kashin tsuntsu a kan tol ɗin rufi." Da rani ne, tsuntsayen ba sa nan. Na ce, "Sare shi." Ko daƙiƙa ban yi ina tunani ba, hankalina na kan inda zan sa garaj, ni da ko keke ba ni da shi.

Da bazara ta yi, na gan su da idona. Sun zo sun yi ta shawagi a kan katangun nan kwana biyu, ɗaya ma ta sauka a kan tulin tubali tana dube-dube. Daga nan suka miƙa wajen Kelle, ban sake ganin su ba.

Kullum in na je gaishe da Baba sai ya ce, "Ke da kike bin hanyar, ta sauka?" In ce, "Tukuna, Baba." Ba ƙarya na yi ba, kuma wallahi ta fi ƙarya muni. Ƙannena sun sani, gari duk an sani, amma wa zai buɗe baki ya gaya wa tsoho cewa ƴarsa ce ta yi?

Aka yi ruwa mai kyau, kowa ya fita shuka. Na ce, "Baba, a rediyo ma an ce a shuka." Ya ce, "Rediyo na da gona ne?" Aka yi ruwa na biyu. Geron mutane ya tsiro har ana shirin noman fari, irinmu na cikin buhu. Sau nawa na zauna gabansa da niyyar faɗa, sai in ɓige da zancen zafi da tsadar kanwa.

Ran nan ya gaji, ya sa aka ɗora shi a amalanke aka kai shi. Ina wajen ginin ya iso. Ya ɗaga kai yana neman inuwar da ya sani, babu. Ya shiga ta ƙofar katangar yana lalube da sanda har ta bugi kututturen. Ya durƙusa ya shafa shi, ya cire wata baƙar leda da ta maƙale a jiki.

"Wurin wa ne nan?"

Maginin, uban surutu, ya ce, "Ai na Madam ne, Baba, ƴarka."

Bai dube ni ba. Ya ce a mai da shi gida, a fito da iri. Washegari aka shuka, amma mun makara da fiye da sati uku, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Geron ya yi kai bai yi ido ba, karan kawai muka kwaso wa dabbobi.

Ranar da aka kawo karan ya kira ni. Na zaci zancen itacen zai yi, har na shirya in ce saiwa, in ce tol. Ya ce, "Itace kowa ya sare nasa, ban riƙe ki da shi ba. Amma kullum kina zuwa kina ce mini tukuna. Da kin ce mini ba za ta zo ba, da na shuka tare da mutane."

Gidan har yau ban rufa shi ba. Ni ma in na je dubawa sai na toshe hanci.