Hoton Inna

Mahaifiyata ba ta son hoto. Kyamarata kuma akwai nawa: sai ta yi ta laluben fuska kafin ta ɗauka, kafin nan Inna ta ja mayafi ta rufe ido, tana cewa ita ba yarinya ba ce. Hotunanta da nake da su duk na mayafi ne.

Wani abokin sana'ata ta ɗaukar hoto ya ce in sabunta manhajar da ke cikin kyamarar, za ta ƙara sauri. Na sha wuya! A ƙauyenmu na wajen Sandamu sabis ba ya ja, sai da na hau mota zuwa Daura. Sau uku saukar da manhajar daga intanet tana katsewa. Da ta kammala, kyamarar ta ƙi karɓa, wai batir bai cika ba, ga shi babu wuta. Na kai wa mai caji, na zauna ina tsaki. Aka kuma gargaɗe ni cewa idan ta mutu ana tsakiyar aikin, shi ke nan ta lalace. Har ta gama ban ko motsa ba.

Washegari na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida, tana dariyar wata akuya. Na ɗaga, na danna. Hannunta bai kai ga mayafin ba.

Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, “Ashe haka nake kama da uwata? Wanko mini shi.”

Yau da shi nake nuna wa 'ya'yana kakarsu. Alhamdu lillahi da ban yi zuciya na koma gida ba.