Sunan da Yaya Kabiru Ya Ƙi Cirewa

Shekara bakwai ke nan cur da muka kai Yaya Kabiru makwancinshi a nan Jibiya. Allah Ya jiƙanshi da rahama. Ni ƙanenshi ne, direba, ina jigilar fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi, kuma ban taɓa zaton zan rubuto wa jarida wani abu ba. Shi ne mai biro a gidanmu, malamin aikin gona a wata kwaleji. Ni karatuna a sakandare ya tsaya. Amma abin da ke cina bana ya fi ƙarfin in yi shiru.

Duk wanda ya san Yaya ya san gero ne rayuwarshi. Damina da yawa ya yi yana bin ƙauyukan Bugaje da Farfaru, ni ke kai shi in tasha ta yi sanyi. A can ya haɗu da Baba Iro, wani tsohon manomi mai irin geron da ke nuna da wuri ko damina ta yi gardama. Shi ya gaya wa Yaya lokacin shukarshi, da yadda ake zaɓen zangarniyar iri, da yadda ake ajiye shi cikin toka. Yaya ya shuka, ya auna, ya sake shukawa, sannan ya rubuta maƙala da Turanci ya aika wa wata mujallar kimiyya.

A ƙarshen irin wannan rubutu akwai abin da suke kira manazarta, wato jerin waɗanda ka ɗauko ilimi daga wurinsu. Kowace mujalla da nata tsarin. Wannan tana son lamba a gaba, sai sunan mahaifin marubuci, sai harafin farko na sunan yanka, sai sunan littafi, da shekara, da shafi. Waƙafi ɗaya in ya kauce sai a dawo maka da aikinka. Yaya kan zauna a shagon kwamfuta na bakin tasha yana gyaran waƙafi har rana ta juya, ni kuwa in leƙo in ce mashi ko jandarma ba ya duba takardun mota haka. Sai ya yi murmushi ya ce in tafi in nemi fasinja. Bai taɓa ƙosawa da tsarin nan ba, yana ganin mutunci ne a jera kowa a muhallinshi.

To, a cikin jerin nan, tsakanin manyan furofesoshi, sai ya sa Baba Iro. Edita ya amso cewa aiki ya yi kyau, amma abin da aka ji da baki ba ya shiga manazarta, tun da ba shi da shafin da wani zai buɗe ya duba. Ya ba shi shawarar ya mayar da sunan wurin godiya. Yaya ya ƙi. Mun taso a zauren da malami ba ya faɗin magana sai ya ce daga wa ya ji ta, shi ma daga wa ya ji, kuma wannan tarbiyyar ba ta taɓa barin Yaya ba.

"Godiya ta wanda ya ba ka ruwa ka sha ce," in ji shi. "Wanda ya ba ka ilimi kuwa malaminka ne. Cikin malamai zai zauna."

Wallahi na yi faɗa da shi. Na ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski, tun da ka kai kanka mujallarsu sai ka bi dokarsu. Na tuna mashi ƙarin girman da ke wuce shi saboda maƙalar ba ta fito ba. Ya ce zai sake rubuta masu ya fahimtar da su. Yana cikin fahimtar da su ciwon hanta ya kwantar da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shagon kwamfutar nan ya koma wurin cajin waya. Yara suna danna abu ɗaya, na'ura ta jera masu manazarta tsaf, ba waƙafin da ya kauce. Ina jin zai yi murna da wannan. Amma hanyoyin da muke bi da shi, da yawa yanzu ba mai shigarsu sai da addu'a, saboda 'yan bindiga. An rufe boda an buɗe. Gonakin da ya auna wasu sun zama daji. Wannan kam ban san da wane ido zai kalle shi ba.

Bana ɗiyarshi Rabi, wadda ta gama digiri a fannin ubanta, ta ɗauko maƙalar ta sake aikawa. Sabon edita mai kirki ne. Ya ce sunan ba zai shiga jeri ba, amma ana iya ambatonshi cikin rubutun, muddin Baba Iro ya sa hannu cewa ya yarda, ko da dangwale ne. Har wurin godiyar da Yaya ya raina, yanzu sai da yardar mai suna. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka na ɗauki takardar na fita nema.

Ƙauyen Baba Iro babu kowa. Na yi ta cigiya har na samu ɗanshi Sale a tsallaken boda, wajen Ɗan Isa, yana sayar da rake a bakin hanya. Ya ce tsohon ya rasu ba da jimawa ba bayan sun gudo. Na tambayi irin geron. Ya ce rumbun an cinna mashi wuta, ɗan abin da suka tsira da shi kuma yunwa ta sa suka daka. Ya miƙo babban yatsanshi ya ce in kawo takardar ya dangwala a madadin uban, wa zai gane? Na daɗe ina kallon yatsan nan. Na san ba mai ganewa. Na kuma san Yaya ba zai yarda a kafa sunan malaminshi a kan ƙarya ba. Na naɗe takardata na dawo, raina a jagule.

Rabi ta same ni a ƙofar gida da kwamfutarta. Ta ce edita na jira, kuma bayanin geron nan yanzu babu shi ko'ina a duniya sai cikin rubutun.

"Baffa, in cire sunan Baba Iro?"

Na ce ta cire. Da babu gara ba daɗi. Ta danna sau ɗaya, lambobin ƙasa suka matso da kansu suka cike gurbin, ko alamar wani ya taɓa zama a wurin babu. Cikin rubutun kuma ta sa "wani manomi". Ni na kasa kallonta, ita ma ta kasa kallona.

Me ya rage na Yaya Kabiru? Ɗiyar da ta gaji haƙurinshi ta rage, aikinshi kuma zai fito da sunanshi a sama, wataƙila wata rana wani ya karanta ya je neman geron a inda ba mu duba ba. Amma abu ɗayan da ya tsaya a kai har ya koma ga Allah, shi ne muka kasa riƙe mashi, kuma har yanzu ban ga wata hanyar da za mu bi ba.

Duk ranar da na yi lodin Maraɗi sai na wuce ta gaban Sale. Yana hango motata yake tasowa da karan rake a hannu, ya ce in takardar ta fito in kawo mashi, bai iya karatu ba amma yana son a ɗora mashi yatsa a kan sunan babanshi. Nakan ce mashi to, in Allah Ya yarda, in ja mota.