Hajiya Rabi ta ɗinke mota kamar ƙwarya

Ranar Asabar na leƙo waje na hango maƙwabciyata Hajiya Rabi a kan tsani, takunkumi a hanci, tana huda jikin motarsu. Irin babbar motar nan ce mai gado da kicin a ciki. Jikinta ba ƙarfe ba ne, faiba ce, wata irin roba mai tauri, kuma reshen bishiya ya faɗo ya tsaga gefe guda, ruwa na shiga.

Na ce, "Hajiya, mota ta tsage, ke kuma kina ƙara mata huji?"

Ta sauke takunkumin tana dariya. "Maryam, ba ki taɓa ganin ɗinkin ƙwarya ba? Kakata sai ta huda ƙarshen tsagar tukuna don kada ta ci gaba. Na bincika, ashe nan ma haka ake yi."

Tun da mijinta Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki zaman jirgi ya gagare shi. Ga ƴarsu can nesa a birnin Atlanta, haihuwa yau ko gobe. Hajiya ta rantse a kwance a motar nan za ta kai shi suna, ita a sitiyari.

Ta liƙe wurin, ya bushe, ta goge, ta fesa fenti. Jiya ta turo Alhaji a kekensa har gaban gidansu nan garinmu na Bowie. Ya miƙa hannunsa mai lafiya yana shafa jikin motar, ya shafa, ya sake shafawa.

Ya ce, "Rabi, wai a ina tsagar take?"

Ni ko taya ban iya canjawa ba, wallahi. Ku taya ni yi musu addu'ar sauka lafiya.