Mudu Biyu a Kasuwar Wudil

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ranar Juma'ar da ta wuce, ni da wani abokin aikina, a bayan wata lori mai zuwa Wudil. Zargi ne ya fitar da ni. Ni malamin ofis ne, kuma takardar farashin abinci ta hannuna take bi kowane wata. Takardar ta ce gero bai motsa ba tun kaka. Maiɗakina kuwa kullum cewa take kuɗin cefane ba ya kaiwa, har na fara tunanin ko adashi take zubawa a ɓoye. Na ce bari in je inda hatsin yake fitowa in gani.

Tun a tasha direba ya karɓi sule da sisi, alhali bara sule ne. Wai taya ta yi tsada. Na dubi tayar, na tabbata ta girmi ɗana na fari. Haka muka yi ta gwara kai da buhunan gishiri har muka haye gada.

Muka karya da soyayyen kifi a bakin kogi. Kuɗinsa taro ne kamar da, sai dai yankan ya rame, ka ce kifin ma azumi ya yi.

A layin 'yan hatsi wani dillali ya tare mu. Da ya hangi alƙalami a aljihun rigata sai gaisuwa ta yi tsawo, har da shimfiɗa tabarma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gero sisi ne mudu, kamar yadda kuka sani." Ya sa aka auna mini biyar da wani mudu sabo fil, ana cika shi har da tozo. Fara'ar ta yi mini yawa.

Da aka sauko daga masallaci na ɓoye alƙalamin, na bar wa abokina kayan, na shiga layin ta ɗaya gefen. Na tsaya bayan wata tsohuwa 'yar garin Darki da ta zo awo. Ita ma sisi aka ce mata. Amma mudun da aka zaro daga ƙarƙashin buhu an bubbuge gindinsa ya shige ciki, mai awon kuma yana share bakinsa da tafin hannu.

Na sunkuya na ce, "Iya, kin kuwa lura da mudun nan?"

Ta ce, "Na lura, ɗan nan. Mai kyan na masu rubutu ne. In na yi magana a ce in tafi kasuwar Lajawa in saya, ga jikoki huɗu na baro ba su ci ba."

Na sa aka auna mini biyar a nan ma, na ƙulle daban.

Mun iso gida gab da magariba. Na ajiye ƙulli biyun gaban maiɗakina, na ba ta labari. Ta ɗauko ƙwaryar awonta ta gwada. Na biyun ya gaza na farkon da kusan mudu guda. Ba ta yi mini gori ba. Ta dai ce, "To Malam, wanne za ka rubuta musu?"

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, takarda ba ƙarya ta yi ba, abin da aka nuna mata ta faɗa. Mai son sanin farashi ya tambayi mai dafawa. Ranar Litinin na kai ƙulli biyun ofis na ɗora a teburin babbanmu. Har yau bai ce mini komai ba, amma ni na ƙara kuɗin cefane, na kuma nemi gafarar maiɗakina.